Ɗigo Tara a Wayar Baba

Wulari, ranar Asabar

Zuwa ga Malama Ketura,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban Phebe da ita Phebe. Ni ce Siddiƙa Mukhtari, wadda ta gama aji shida bara, mai zama a bencin baya kusa da taga. Kin sha ce mini, "Ɗaga murya, ba na cin mutane." Maman Edith mai kantin magani a bakin layinmu ta ce gidanta yana kusa da naki a Maisandari, shi ya sa na ba ta wannan takardar.

Malama, Baba ya rasu. Yau kwana goma sha tara. Ya faɗi ne a Kasuwar Shanu, aka kai shi asibiti, bai kwana biyu ba. Inna tana takaba. Ƙanin Baba, Baffa Sa'id, shi ne ke kula da gidan yanzu, matarsa Goggo Halima kuma kullum tana nan.

Tambaya ce da ni. Wayar Baba tana hannun Baffa. A kulle take da zane, irin wanda ake bi da yatsa a kan ɗigo tara. Baffa ya yi ta gwadawa har wayar ta ƙi karɓar hannunsa. Shekaranjiya ya kai ta wurin wani mai gyara, mutumin ya ce injinsa ya lalace, a dawo ranar Alhamis mai zuwa. Ya ba shi wata 'yar takarda. Baffa yana ajiye ta cikin hularsa. Da ya cire hular zai yi alwala na leƙa, na ga kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, na kwafe ta a tafin hannuna: UNLOCK.

Mene ne ma'anarta? Me ake yi wa waya idan an rubuta haka? Ba na son tambayar kowa a nan. Wayar Inna a ɗakin takaba take, duk abin da ka faɗa a ciki, mata goma za su ji.

Don Allah kada ki faɗa wa Maman Edith abin da ke ciki.

Ɗalibarki,
Siddiƙa

Maisandari, ranar Lahadi

Siddiƙa 'yata,

Na karanta takardarki da muka dawo daga coci. Allah ya ji ƙan babanki, ya ba ku haƙuri. Na tuna shi sarai. Shi ne yake tsayawa can bakin ƙofar makaranta a ƙarƙashin bishiyar nim, ya ƙi shigowa, sai dai ya aiko a tambaya ko "yarinyar gidansa" tana ƙoƙari. Ki gaishe da Innarki.

Rubutunki ya gyaru, amma har yanzu kina matse kalmomi kamar za a ƙwace miki takardar.

Kalmar da kika kwafa, ana faɗinta "anlok". Ma'anarta buɗe abin da aka kulle. Ana faɗinta a kan ƙofa, a kan akwati, a kan kwaɗon shago, a kan mota. Wanda yake da makulli ya sa ya murɗa, to ya yi anlok. Yanzu kuma an kawo ta kan waya, don ita ma kulle gare ta, zanen nan shi ne makullinta.

Amma ki ji wannan da kyau. Kalmar ba ta faɗin yadda za a buɗe. Masu gyaran nan, idan ba su da zanen, yawancinsu wanke wayar suke yi tas, ta koma kamar sabuwa. Za ta buɗe, amma babu komai a ciki. Haka aka yi wa Yoila mijina. Ya manta lambar buɗe wayarsa, ya kai, mai gyara ya ce, "Oga, minti goma." Aka dawo masa da ita babu hoton bikin ƙanwarsa, babu lambar kowa. Da ya yi magana mutumin ya ce, "Ka ce in buɗe, ba ga ta a buɗe ba?" Mako guda Yoila bai ci abinci da daɗi ba.

Ban san mai gyaran da Baffanki ya je wurinsa ba, ba zan ɗora masa laifi ba. Amma na fi yarda da abin da na gani.

Yanzu ni ma ina da tambaya. Yarinya ba ta leƙa hular baffanta saboda son Turanci kawai. Me ke cikin wayar?

Malamarki,
Ketura

Wulari, ranar Litinin

Zuwa ga Malama,

Ina gaisuwa. Inna ta amsa, ta ce ta gode. Ban ce mata takarda kika aiko ba, na ce Maman Edith ce ta kawo saƙon.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Na san zanen.

Ba koya mini Baba ya yi ba. Ni ce 'yar fari. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Kunya ce. Ƙannena suna hawa cinyarsa, suna jan gemunsa, ni kuwa sai dai ya ce, "Ke, kawo buta," ko ya ce wa Inna, "Gaya wa waccan ta rufe awaki." Ba ƙi ba ne, na sani. Haka kakana ya yi masa. Amma ko tabarmarsa ba na takawa, balle in taɓa wayarsa.

To, idan na kawo masa shayi na durƙusa ina zubawa, ina ganin yatsansa ta gefen ido. Da haka na haddace. Idan ya tafi sallar la'asar yakan bar ta a kan taga. Na buɗe ta sau da yawa, Malama. Allah ya yafe mini.

Baba bai iya rubutun boko ba, komai da murya yake aikawa. Ranar da aka ba mu sakamako ya aika wa wani tsohon abokinsa da ke can Kuseri. Ya yi maganar ruwan sama da farashin dusa, sannan ya rage murya kamar kada katanga ta ji, ya ce, "Siddiƙa ta zo ta biyu a ajinsu. Siddiƙata. Kan yarinyar nan ba irin namu ba ne." Ya yi 'yar dariya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai a nan. Sau shida na saurara. Idan aka wanke wayar, shi ke nan, babu inda ya rage.

Za ki ce in buɗe musu kawai. Ga abin da ya hana ni. Na farko, sai na faɗi yadda na sani, a gaban Baffa, wanda ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Na biyu, ban yarda da shi ba.

Wata biyu kafin rasuwar, Baba ya sayar da Wule, saniya ta ƙarshe daga garken da kakanmu ya shigo gari da shi, ba tare da ya shawarci Baffa ba. Baffa ya aiko masa da saƙon murya, Hamma yake ce masa, wato yaya. Na ji shi. Ya ce, "Hamma, ka sayar da sunan babanmu. Daga yau ba ni ba kai. Ko gawata kada ka bi." Bayan nan bai sake tako gidanmu ba sai ranar jana'iza.

Yanzu shi ne mai kuka a gaban mutane, shi ne mai karɓar gaisuwa. Idan dangi suka ji wannan saƙon, me za su ce? Ina ganin ya san za a wanke ta, kuma abin da yake so ke nan. Da dare ba ya barin ta a gidanmu, da rana tana aljihunsa na ƙirji. Jiya Inna ta aika a tambaye shi me ya sa yake gaggawa, ba a ma yi arba'in ba. Ya ce, "Mata ba sa gane waɗannan abubuwan." Goggo Halima kuma na ji ta tana cewa, "Waya mai kyau haka, ai ba a bar ta ta mutu a akwati ba." Tata ta tsage tun azumi.

Idan na buɗe masa, zai karɓa ya goge abin da ya ga dama, ya ba matarsa. Idan na yi shiru, mai gyara zai goge duka. Na yi tunanin ɗauke ta lokacin da yake alwala, amma ina zan kai ta?

Wani abu kuma. Takardarki na sa ta a ƙarƙashin tabarmata, yau da Goggo ta yi shara ban gan ta ba.

Taki,
Siddiƙa

Wulari, ranar Talata

Zuwa ga Malama Ketura ta Maisandari,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ne Sa'id, ƙanin marigayi Mukhtari. Maƙwabcina Malam Ibrahim Khalil ne yake rubuta abin da nake faɗa, shi ne kuma ya karanta mini takardar da iyalina ta tsinta a ɗakin yara.

Mun gode da ta'aziyya. An ce kin koyar da yarinyar da kyau, ba mu manta ba. Amma ina so in sani, ta yaya maganar wayar ɗan'uwana ta bar gidanmu ta kai Maisandari? Yarinyar nan ko gaisuwa sai an matsa kunne ake jin ta. Ba ita kaɗai ta yi wannan tunanin ba. Idan uwarta ce ta sa ta, gara in sani. Idan wani ne daga dangi yake son ya nuna ina cin kayan marayu, shi ma gara in sani. Ban ci komai ba. Ina da dalilina na buɗe wayar, kuma ba na kowa ba ne.

Mai gyaran ya rantse mini babu abin da zai ɓata. Ke kuma kin ce wankewa suke yi. Ke malamar makaranta ce, shi kuwa sana'arsa ke nan. Wa zan yarda da shi? Shin abin da ya sami mijinki, kowa yake samu, ko sa'a ce bai yi ba? Har da saƙonnin murya suke tafiya, ko hotuna ne kawai? Ki ba ni amsa a fili.

Ko kin amsa ko ba ki amsa ba, ranar Alhamis da hantsi zan koma. Kuma ina roƙo, takarda ta daina shiga gidan nan ta bayan ido.

Wassalam,
Sa'id

Maisandari, ranar Talata da yamma

Siddiƙa,

Maman Edith ta miƙo mini taki jiya, ta miƙo ta Baffanki yau, tana tambaya ko ta rufe kantin magani ta buɗe gidan waya.

Na amsa masa a takarda daban. Na ce idan aka wanke, har da muryoyi suke tafiya. Na ce ba Innarki ta sa ki ba. Ban faɗa masa kin san zanen ba, kuma ba zan faɗa ba. Wannan naki ne. Amma ina jin ba zai yarda da ni ba, don mai gyaran ya rantse masa, ni kuwa bai taɓa ganina ba.

Kada ki ɗauke wayar. Idan kika yi haka, Innarki za a zarga, kuma tana cikin takaba ba ta iya fitowa ta kare kanta.

Ga abin da na lura da shi. Baffanki ya tambaye ni ko saƙonnin murya suna gogewa. Zai yiwu yana so ya tabbatar ne za su tafi, kamar yadda kike zato. Zai yiwu kuma tsoro yake ji kada su tafi. Daga nan ba zan iya sani ba. Ke ma ba za ki sani ba daga bayan labule.

Abin da na sani shi ne, idan ya fita da ita ranar Alhamis, muryar babanki ta tafi. Idan kika yi magana, akwai dama. Ki yi a gaban Innarki, kuma kada ki saki wayar daga hannunki. Shi bai san zanen ba, ko ya karɓa, minti ɗaya za ta sake rufewa. Wannan ita ce takardar ƙarshe da zan aiko ta ɓoye, don ya roƙa, kuma yana da gaskiya a nan.

Ina yi miki addu'a.

Ketura

Wulari, ranar Alhamis

Zuwa ga Malama,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Jiya ban iya ba. Sau uku na je inda yake zaune, sau uku na ɗauki kofi na dawo. Goggo Halima ta ce, "Wannan yarinya, kofunan gidan nan nawa ne?"

Yau da hantsi ya shigo gaishe da Inna daga bakin ƙofa kamar kullum. Ya riga ya tsayar da keke mai ƙafa uku a waje, ina jin ƙarar injin. Ya ce, "Zan je in dawo." Ya juya. Sai na ji bakina ya ce, "Baffa."

Bai ji ba. Na sake cewa, "Baffa, na san zanen."

Ya tsaya. Goggo ta saki tsintsiya. Ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Zan iya buɗewa."

Ya ce, "Wa ya koya miki? Uwarki?"

Inna ta ce daga cikin ɗaki, "Ni ko tawa sai yara sun nemo mini lamba."

Na ce, "Leƙe na yi, idan ina zuba shayi. Na sha buɗewa idan ya tafi masallaci."

Goggo ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Shiru-shirun nan ashe ɓarauniyar ido ce. Mu da muke cewa ko ƙuda ba za ta kora ba!"

Baffa ya ce, "Halima, je ki sallami mai keke." Ta tafi tana waige. Ya zauna a kan turmi, ya ciro wayar, ya miƙo. Na durƙusa a bakin ƙofar Inna na karɓa. Na ce, "Amma a hannuna za ta zauna." Ban san inda na samo wannan maganar ba. Ya dube ni, ni kuma ina duban ƙasa.

Ya ce, "Kwana ashirin da huɗu kina kallona ina wahala?"

Na ɗora yatsa a kan ɗigon farko. Na bi zanen. Ta buɗe.

Ya ce, "Nemo sunana." Na nemo. Ya ce, "Kin ji abin da na aiko masa?"

Na ce, "Na ji na saniya."

Ya cire hularsa ya riƙe. Na ɗauka yanzu zai ce in goge, na ƙara damƙe ta. Sai ya ce, "Akwai wani a ƙasansa. Na ranar da ya faɗi, da safe. Duba."

Akwai, Malama. Ban san da shi ba, don tun kafin ranar ban sake taɓa wayar ba. Minti ɗaya da rabi. A gefensa akwai ɗan koren ɗigon nan da ke nuna ba a saurara ba.

Ya ce, "Ya ba da amsa? Ko ya fara bai aika ba? An ce wani lokaci tana maƙalewa."

Na duba sosai. Na ce, "Babu."

Ya ce, "To ya ji?"

Na so in ce e. Babu wanda zai gane. Amma na ce, "Bai buɗe ba, Baffa."

Ya yi ta juya hular a hannunsa. Awaki suna ta kuka ba a ba su dusa ba. Can ya ce, ba da ni yake ba, da ƙofar Inna yake, "Gafara na nema. Da ƙafa ya kamata in zo, na ji kunya, na aika a waya." Inna ta ce, "Allah ya ji, Sa'id." Ya ce, "Allah ya ji. Shi ne bai ji ba."

Sannan ya juyo ya ce, "Ke kuma me kike gadi a ciki, har da kai ƙarata Maisandari?"

Na ce, "Akwai inda ya kira sunana."

Ya ce, "Hamma? Ya kira sunan 'yar fari?" Kamar zai yi dariya, kamar ba zai yi ba. Ya ce, "Kada ki kunna. Ba don kunnena ya faɗa ba."

Ya tashi ya sa hula. Ya ce wayar kayan gado ce, dole ta shiga rabo bayan arba'in, amma ta kwana a ɗakin Inna har zuwa lokacin, in nemi yadda zan kwashe abin da nake so. A bakin zaure ya tsaya ya ce, "Nawa guda biyun, ki goge su." Ya fita da ƙafa.

Goggo ta dawo tana tambaya, "To wa za a ba?" Na shige ɗakin Inna da wayar.

Malama, yaya ake kwashe murya daga waya zuwa wata? Ina tsoron in danna abin da zai ɓata. Baffa ya ce za ki iya amsawa, amma ta hannunsa.

Ɗalibarki,
Siddiƙa

Wulari, ranar Laraba

Zuwa ga Malama,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso, Baffa da kansa ya miƙo mini, a buɗe. Na bi yadda kika rubuta ɗaya bayan ɗaya. Muryar tana cikin katin wayar Inna yanzu, na gwada sau biyu, tana fita. Inna ta saurara sau ɗaya ta juya fuska bango.

Na goge na saniyar.

Na biyun ban goge ba, ban kuma buɗe ba. Baffa ya tambaye ni jiya ko na yi abin da ya ce. Na ce, "Saura ɗaya." Ya tsaya kaɗan, ya ce in kawo masa buta.

Ki gaishe da Baban Phebe da Phebe. Allah ya saka da alheri.

Taki,
Siddiƙa Mukhtari